SUMIFS, PivotTable ko Fomulolin CUBE: Wanne Ya Dace da Mai Riƙe da Lissafin Ƙungiyar Manoma?

Yammacin Laraba, jajiberin kasuwar Maigatari, shi ne lokacin da aka fi matsa wa mai riƙe da lissafi a ƙungiyar manoman da nake yi wa aiki a ƙasar Gumel. A lokacin ne shugabanni ke son sanin yawan riɗin da ke cikin sito, da wanda aka riga aka yi alkawarinsa ga masu saye, da sunayen waɗanda ba su gama biyan bashin taki ba, domin washegari Alhamis kuɗi zai shiga hannun mutane, kuma wanda ba a tuna masa bashi ba kafin ya shiga kasuwa, da wuya a same shi da wani abin kirki idan ya dawo. A irin wannan yammaci ne shugabanmu ya tsaya a bakin ƙofar ofis ya ce da ni, "Malam, fito mini da mutum goma da suka fi kowa kawo riɗi daga Sule Tankarkar a watan jiya, ka kuma gaya mini nawa ake bin kowannensu." Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini haƙuri zuwa bayan magariba." Duk bayanan suna cikin kwamfuta, amma sai da aka yi sallar isha'i ina tacewa, ina kwafa daga wannan shafi zuwa wancan, kafin na iya miƙa masa takarda. Tun daga ranar na ƙudurta cewa sai na gano hanyar da Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, zai amsa irin wannan tambaya da kansa, kuma abin da zan shimfiɗa a nan shi ne abin da na gano game da hanyoyi uku da na gwada, domin wanda ke kan irin kujerata ya san wadda zai ɗauka.

Idan aka duba tambayar shugaba da kyau, za a ga tana da fuskoki huɗu. Akwai fuskar amfanin gona, wato riɗi, ba zoɓo ko gero ko wake ba. Akwai fuskar wuri, wato Sule Tankarkar, ba Gagarawa ko Garki ko Maigatari ba. Akwai fuskar lokaci. Sannan akwai fuskar mutum. A mahaɗar waɗannan fuskoki ne adadi yake zaune, ko na kilo ko na naira. Masana kwamfuta suna kiran rumbun bayanan da aka tsara ta wannan siga kiyub (CUBE a rubutun Turanci), wato abu mai siffar dunƙulen Maggi, ko da yake dunƙule tsawo da faɗi da kauri kawai yake da su, shi kuwa wannan rumbu yana iya ɗaukar fuskoki goma ko fiye. Edgar Codd, masanin da ya kafa tubalin rumbun bayanai na jadawaloli masu alaƙa a 1970, shi ne ya yayata sunan OLAP ga irin wannan nazari a 1993. Kamfanin Microsoft ya fito da yaren da ake yi wa irin wannan rumbu tambaya da shi, mai suna MDX, a 1997, sannan a Excel 2007 ya ƙara fomuloli bakwai da sunayensu suka fara da CUBE, domin a iya jawo amsa daga rumbun kai tsaye zuwa cikin gidan lissafi guda, wato ɗaya daga cikin ƙananan akwatunan shafin Excel. A wancan lokaci sai ma'aikatar da ke da babbar kwamfutar ajiya ta musamman ce za ta amfana da su. Abin da ya sauya mana lamarin shi ne PowerPivot, ƙarin manhajar gina rumbu da aka fitar domin Excel 2010, da kuma Data Model, wato ma'ajin jadawaloli masu alaƙa, da aka saka a cikin Excel 2013, wanda ya sa rumbun yake zaune a cikin fayil ɗin kansa. Ma'ana, akawun da ke ƙauye, ba shi da intanet, ba shi da komai sai laftof da ƙaramar sola, yana iya gina rumbu mai fuskoki da yawa ya yi masa tambaya.

Hanya ta farko ba ta buƙatar rumbun ma sam. Ana zuba komai a dogon jadawali guda, kowane buhu da aka ɗora a sikeli da layinsa, sannan a yi amfani da SUMIFS, wadda ita ma a Excel 2007 ta zo. Idan an raɗa wa ginshiƙai suna, fomular za ta kasance kamar haka:

=SUMIFS(Kilo, Amfani, "Riɗi", Yanki, "Sule Tankarkar", Wata, "Nuwamba")

Ko wanda bai taɓa ganinta ba zai iya karanta ta ya fahimci abin da ake nufi: a tara kilo inda amfanin riɗi ne, yankin Sule Tankarkar ne, watan kuma Nuwamba ne. Wannan sauƙin karantawa babbar daraja ce, kuma ina ganin masu son sababbin dabaru suna yawan raina shi. Fomular tana ɗaukar sharuɗɗa har 127, tana sake lissafi nan take da zarar an shigar da sabon layi, kuma tana aiki a wasu manhajojin lissafi kamar Google Sheets da LibreOffice, da kuma Excel na waya. Na taɓa aika fayil irin wannan ga sakataren wani reshe ta WhatsApp, ya buɗe shi a wayarsa yana zaune a gindin darbejiya, ya sauya sunan wata, amsa ta fito masa. Babu ɗaya daga cikin sauran hanyoyin biyu da za ta yi masa wannan cikin kwanciyar hankali.

Inda SUMIFS take gazawa shi ne daidai inda tambayar shugaba ta dosa. Ita tana tarawa ne, ba ta zaɓe. Idan ka gaya mata suna, za ta gaya maka kilo, amma ba za ta gaya maka sunan da ya fi kowa ba. Kafin ka fitar da mutum goma na farko, dole ka jera sunayen dukkan manoman ƙungiya a wani shafi, ka sa wa kowa SUMIFS tasa, sannan ka ɗora LARGE domin ta ciro adadi mafi girma, ka kuma ɗora INDEX da MATCH domin su nemo mai wannan adadi. A nan ne wata matsala take ɓuya wadda ta taɓa kunyata ni: idan mutum biyu suka kawo kilo daidai wa daida, abin da yake faruwa sosai tunda da buhu ake kawowa, MATCH sunan na farko kawai take gani, sai ta rubuta shi sau biyu, na biyun ya ɓace daga jerin baki ɗaya. Akwai dabarun kauce wa hakan, amma kowace dabara ƙarin ginshiƙi ce da ƙarin wurin da kuskure zai shiga. Wanda ke da Microsoft 365 ko Excel 2021 yana da FILTER da SORT da UNIQUE, waɗanda suka rage wannan wahala ƙwarai, sai dai yawancin kwamfutocin da ake sayowa na hannu a Kano tsofaffin Excel ne a cikinsu.

Matsala ta biyu ita ce bashi ba a jadawalin kaya yake ba, nasa jadawalin daban ne, haka ma rajistar manoma. Domin SUMIFS ta san cewa wane ɗan Sule Tankarkar ne, sai ka jawo yankinsa cikin kowane layin kaya da VLOOKUP, kuma idan layuka suka kai dubbai, tsohuwar kwamfuta takan tsaya tana tunani duk lokacin da ka taɓa wani gida. Shafin Excel yana ɗaukar layi 1,048,576, adadin da ƙungiyar ƙauye ba za ta kai ba nan kusa, amma nauyin fomula yana kama ka tun kafin ka je ko'ina. Ta uku kuma, wadda na fi jin tsoro, ita ce SUMIFS ba ta ƙorafi. Idan wani ya rubuta "Ridi" ba tare da lanƙwasar harafi ba, ko ya bar fili a bayan kalma, ba za ta lissafa wannan layi ba, kuma ba za ta gaya maka ba. Idan kai ne ka yi kuskuren a cikin fomula, sifili za ta ba ka, kai kuwa ka ɗauka ba a kawo komai ba ne.

Hanya ta biyu ita ce PivotTable, wato jadawalin taƙaitawa da Excel yake ginawa da kansa daga bayananka, kuma ba zan daɗe a kanta ba domin yawancin masu wannan aiki sun san ta. Babu abin da ya kai ta saurin amsa tambayar da ba ka shirya mata ba. Ka ja amfani zuwa gefe, ka ja wata zuwa sama, ka tace yanki, ka ce ta nuna goma na farko, cikin minti biyu ka gama. Da na ƙware da ita a wancan yammaci, da shugaba bai jira isha'i ba. Matsalarta tana bayyana ne lokacin da ake son rahoto mai tsayayyen tsari, irin takardar da ake miƙa wa kwamitin ƙungiya kowane ƙarshen wata ko wadda mai ba da rance yake nema da nasa fasali. PivotTable tana da nata tsarin da ba ta yarda a karya: ba ka isa ka sa layi a tsakiyarta ka rubuta bayani ba, tana faɗaɗa ta tsuke gwargwadon bayanai, kuma idan ta faɗaɗa tana neman hawa kan abin da ke ƙasanta. Mafitar da aka saba ita ce a ajiye ta a wani shafi, a gina rahoton a wani, a haɗa su da GETPIVOTDATA. Wannan yana aiki, amma da sharaɗi guda mai nauyi: GETPIVOTDATA abin da yake a bayyane a fuskar PivotTable kawai take iya ɗaukowa. Ranar da yaron da ke taimaka mini ya tace jadawalin ya bar zoɓo kaɗai domin ya duba wani abu, ya kuma manta bai mayar ba, na buɗe rahoto da safe na tarar duk gidajen riɗi da gero sun koma #REF!, wato alamar kuskure. Ba laifinsa ba ne. Ni ne na ɗora rahoto a kan abin da kowa zai iya motsawa. Ga kuma cewa kowace sabuwar tambaya tana son tata PivotTable, har ka wayi gari da guda goma sha a ɓoye a cikin fayil, ba ka tuna wadda take ciyar da wane gida.

Hanya ta uku ita ce fomulolin CUBE, kuma a nan zan tsaya sosai, domin ita ce ba a sani ba, ita ce kuma aka yi domin ainihin wannan aiki na zaɓe.

Kafin a rubuta fomula ko ɗaya, sai an gina rumbun. Ana shigar da jadawaloli daban-daban cikin Data Model, na kaya da na bashi da na rajistar manoma da na kwanan wata, sannan a ƙulla alaƙa tsakaninsu ta lambar manomi da kwanan wata. Wannan ƙulli shi ne yake maye gurbin dubban VLOOKUP: an gaya wa Excel sau ɗaya cewa lamba kaza ta wane ce, ɗan yanki kaza, daga nan duk buhun da ke ɗauke da wannan lamba ya san yankinsa. Sai kuma a ƙirƙiri ma'aunai, wato lissafin da ake raɗa wa suna, kamar jimillar kilo da ragowar bashi, da wani ƙaramin yare mai suna DAX. Akwai ma'aunin da ya fi burge ni, wanda ake yi da DISTINCTCOUNT, yana ƙirga manoma nawa ne suka kawo kaya ba tare da maimaita wanda ya zo sau biyar ba. Wannan tambaya ce da masu ba da tallafi suke yawan yi, kuma fitar da ita da fomuloli na yau da kullum a tsohon Excel aiki ne mai ciwon kai.

Daga cikin fomulolin bakwai, biyar ne na yau da gobe. CUBEMEMBER tana ɗauko abu guda daga wata fuska, a ce riɗi ko Nuwamba, ta ajiye shi a gida. Abin lura shi ne gidan yana nuna kalma kamar kowane rubutu, amma a bayanta yana riƙe da cikakken adireshin abin a cikin rumbu, don haka wasu fomuloli suna iya nuna wannan gida maimakon sake rubuta adireshin. CUBEVALUE tana ɗauko adadin da ke mahaɗar abubuwan da ka nuna mata. CUBESET kuwa ita ce zuciyar lamarin: tana tattara gungun abubuwa, ɗaruruwa ko dubbai, ta jera su yadda ka ce, ta riƙe su duka a cikin gida guda ɗaya wanda ba ya nuna komai sai laƙabin da ka ba shi. CUBERANKEDMEMBER tana zuwa wannan gida ta ciro na ɗaya, ko na biyu, ko na goma, sannan CUBESETCOUNT tana gaya maka abubuwa nawa ne a cikin gungun. Sauran biyun, CUBEKPIMEMBER da CUBEMEMBERPROPERTY, mai ƙaramar ƙungiya zai iya barinsu, musamman ta ƙarshen, wadda ba ta aiki da rumbun da ke cikin fayil, sai da babban rumbu na ma'aikata.

Bari in nuna yadda tambayar shugaba take komawa. A gidan A1 ina rubuta sunan mahaɗin, wato sunan da fomula take kiran rumbun da shi, wanda ga rumbun cikin fayil kullum ThisWorkbookDataModel ne. A gidan B1 ina ajiye bayanin abin da za a jera da shi, wato ma'aunin kilo haɗe da riɗi da Sule Tankarkar da watan da ake magana. Sai a gidan B2:

=CUBESET(A1, "[Manoma].[Lamba].Children", "Jerin manoma", 2, B1)

Lambar 2 da ke ciki tana nufin a jera daga babba zuwa ƙarami. Da 1 ce, daga ƙarami za a fara, 3 da 4 kuma jerin haruffa ne. Daga nan layuka goma na rahoton kowanne yana ɗauke da:

=CUBERANKEDMEMBER($A$1, $B$2, 1)

sai dai adadin ƙarshe yana sauyawa daga 1 zuwa 10. A gefen kowane mutum akwai CUBEVALUE biyu, ɗaya tana nuna gidan mutumin da ma'aunin kilo, ɗaya tana nuna gidan mutumin da ma'aunin bashi. Shi ke nan. Babu shafin taimako, babu PivotTable a ɓoye, kuma idan mutum biyu suka yi kunnen doki, kowa yana fitowa a layinsa. Ina iya barin fili tsakanin layuka, in rubuta bayani da Hausa a inda nake so, in sa wurin sa hannun shugaba da na ma'aji a ƙasa, babu abin da zai motsa. Idan wata ya ƙare, gida guda nake sauyawa, ko kuma in sa maɓallan tacewa da Excel 2010 ya zo da su, in saka sunan maɓallin a cikin CUBEVALUE, mai dubawa ya danna Disamba adadi ya sauya.

Mai karatu zai lura cewa lambar manomi na yi amfani da ita, ba sunansa ba, kuma da gangan ne. A garuruwanmu mutum uku masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya ba abin mamaki ba ne, kuma rumbu ba ya bambanta su idan da suna ka tambaye shi. Zai haɗa riɗinsu da bashinsu ya ba ka mutum guda. Abin da na yi shi ne na sa ginshiƙin ya ƙunshi lamba da suna a haɗe, yadda rahoto zai karantu kuma kowa ya tsaya da ƙafarsa. Ɗora wa mutum bashin da ba nasa ba a gaban jama'a ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban haƙuri ba ya goge shi da wuri.

Wani abin da ya sa na amince da wannan hanya shi ne tana ƙorafi. Idan na rubuta sunan amfanin da babu shi a rumbu, #N/A take ba ni, idan kuma sunan mahaɗi ne na kuskure, #NAME? take nunawa. Kuskuren da ya fito fili ya fi mini sifilin da ya yi shiru. Amma kada a ɗauka wannan ya magance rubutun da aka ɓata wajen shigarwa. Idan rabin layuka "Riɗi" ne rabi "Ridi", rumbu zai ɗauke su amfanin gona biyu, ka tambayi ɗaya ya ba ka rabin gaskiya. Bambancin kawai shi ne idan ka sa CUBESET ta jera dukkan amfanin gona, za ka ga baƙon sunan ya fito a jeri, ka san akwai gyara.

Yanzu ga kuɗin da ake biya, domin ba kyauta ba ce. Na farko, rumbu ba ya sanin an ƙara layi sai an sabunta shi. SUMIFS tana gani nan take, amma fomulolin CUBE suna kallon hoton bayanan da aka ɗauka a sabuntawa ta ƙarshe, don haka wanda ya shigar da kayan ranar Laraba ya manta bai danna sabuntawa ba, rahoton Talata zai buga. Na biyu, akwai tarkon da na faɗa ciki da kaina. Na taɓa jera manoma da ma'aunin kilo kaɗai, ban haɗa masa wata da yanki ba, alhali CUBEVALUE da ke gefe tana da su. Sakamakon shi ne sunayen na waɗanda suka fi kowa ne a duk shekara, adadin kuma na wata guda, har wani yana matsayi na biyu da gida babu komai a gefensa. Abin da aka tace adadi da shi, dole a tace jeri da shi. Na uku, idan mahaɗar da ka tambaya babu komai a cikinta, CUBEVALUE ba sifili take mayarwa ba, rubutu ne marar harafi, kuma idan ka ce a haɗa shi da wani adadi da alamar tarawa sai ka ga #VALUE!; SUM ce take tsallake shi lafiya. Na huɗu, rubutun da ke cikin fomula ba ya wuce harafi 255, shi ya sa ake ajiye dogayen adireshi a gidaje daban a nuna su. Na biyar, kowane gida tambaya yake aikawa, kuma a lokacin da yake jiran amsa yana nuna #GETTING_DATA. Rahoto mai gidaje ɗari biyu ba ya damun kowa, amma a ce ka shimfiɗa amfani 5 a ƙauyuka 40 na wata 12, gidaje 2,400 ke nan, kuma a kan tsohuwar laftof da batirinta bai wuce awa guda ba, wannan jira yana da zafi. Irin wannan shimfiɗa aikin PivotTable ce.

Sai dai babban kuɗin ba na fomula ba ne, na kayan aiki da na mutane ne. Gina Data Model yana son Excel na kwamfutar Windows daga 2013 zuwa sama, kuma wasu nau'o'in 2013 da 2016 ba su zo da tagar Power Pivot ba, don haka a duba kafin a fara. Google Sheets da LibreOffice ba su da fomulolin CUBE ko kaɗan. Ƙungiyar da sakatarorinta da waya suke aiki, sai dai a aika musu da rahoton a matsayin PDF ko hoto, su duba amma ba su taɓa ba. Sannan akwai maganar magaji. Mai riƙe da lissafi ba ya dawwama: yau an ɗauke shi aiki a Dutse, gobe ya koma karatu Kano. Idan na bar fayil mai SUMIFS, duk wanda ya yi ɗan kwas ɗin kwamfuta zai iya ci gaba da shi. Idan na bar fayil mai rumbu da ma'aunai da adireshi masu baka-baka, ban kuma koya wa kowa ba, ranar da wani gida ya nuna kuskure za a rufe fayil ɗin a koma littafi da biro, kuma aikin shekaru ya tafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ni ban yarda mutum ya gina wa ƙungiya abin da shi kaɗai yake iya gyarawa ba, komai kyansa. Dukiyar jama'a ce ake lissafawa.

Saboda haka, ga yadda nake ba da shawara idan aka tambaye ni. Ƙungiyar da bayananta suke cikin jadawali guda, layukanta ba su wuce 'yan dubbai ba, tambayoyinta kuma na jimilla ne, nawa aka tara, nawa aka sayar, ta tsaya a kan SUMIFS, kada kowa ya ruɗe ta. Haka ma wadda fayil ɗinta dole ya yi yawo tsakanin wayoyi da kwamfutoci iri-iri. Wanda aikinsa amsa tambayoyin bazata ne, yau a ce masa zoɓon Gagarawa, gobe a ce farashin da aka sayar a Dawanau, ya ƙware da PivotTable, amma kada ya ɗora rahoto na dindindin a kanta ta hanyar GETPIVOTDATA sai idan ya kulle shafin yadda babu mai taɓa shi. Wanda kuwa yake da jadawaloli uku ko huɗu masu alaƙa, yake fitar da rahoto mai fasali ɗaya kowane wata, kuma rahoton yana ƙunshe da zaɓe, goma na farko, biyar na ƙarshe, waɗanda bashinsu ya fi yawa, to fomulolin CUBE sun fi sauran biyun nesa ba kusa ba, muddin akwai kwamfutar da za ta ɗauka da mutum na biyu da za a koya wa. Mu a nan mun tsaya ne a kan haɗi: rumbu guda, PivotTable a kansa domin tambayar bakin ƙofa, fomulolin CUBE domin takardar ƙarshen wata, sannan ƙaramin fayil mai SUMIFS ga kowane reshe.

Ga wanda ya yanke shawarar shiga hanya ta uku, ba sai ya haddace adireshin MDX kafin ya fara ba. Ya gina PivotTable a kan Data Model yadda ta yi kama da rahoton da yake so, sannan ya shiga OLAP Tools ya zaɓi Convert to Formulas. Excel zai wargaza jadawalin ya mayar da kowane gida CUBEMEMBER ko CUBEVALUE, kuma daga nan yana iya yanka gidajen ya kai su inda yake so, ya kuma karanta su ya ga yadda ake rubuta adireshi. Ya yi wannan a kan kwafin fayil, kuma ya tuna cewa sunayen da suka fito ta wannan hanya a kafe suke: idan sabon ƙauye ya shiga ƙungiya bayan an juya, ba zai bayyana da kansa ba. Duk layin da ake son ya riƙa bin sauyin bayanai, sai an cire CUBEMEMBER ɗinsa an sa CUBERANKEDMEMBER mai nuna gidan CUBESET, a kuma ajiye CUBESETCOUNT a gefe, a kwatanta adadinta da yawan layukan da aka tanada, domin ranar da ƙauyuka suka zama 41 alhali layi 40 aka shimfiɗa, a gani tun kafin takarda ta isa hannun shugaba.